Yadda ake ceton rai idan bugun zuciya ya rikice bayan jijiyar zuciya ta toshe

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, naman zuciyar ba ya mutuwa nan take. Yakan ɗauki sa'o'i yana lalacewa kaɗan-kaɗan. Abin da ke ɗauke mutum farat ɗaya, har ka ji ana cewa "yanzu fa muka rabu da shi lafiya ƙalau", shi ne rikicewar bugun zuciya. Da yawa daga cikin waɗanda wannan ciwo ke kashewa, a sa'a ta farko ko ta biyu suke cikawa, tun ba su ga ƙofar asibiti ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne galibinsu zuciyarsu ba ta lalace har ta kasa aiki ba. Da an sami wanda ya san abin yi a minti biyar na farko, da wasunsu suna nan cikin iyalinsu.

Zuciya tana aiki ne da 'yar wutar lantarki da take samar wa kanta. Daga wani ɗan gurbi a samanta saƙo ke fitowa, ya bi hanyarsa zuwa manyan ɗakuna biyu na ƙasa, su matse tare su tura jini, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Kamar mata ne masu lugude a turmi guda: muddin kowace taɓarya na sauka a kan lokacinta, hatsi na dakuwa, amma da zarar kowa ta shiga sakin tata yadda ta ga dama, sai karo da hayaniya, babu gari. Naman da jini ya yanke masa yakan fara sakin saƙon lantarki barkatai. Wani lokaci ɗakunan ƙasa su kama gudu, bugu 150 ko 200 ko fiye a minti, ba su samun sararin cika da jini balle su tura. Likitoci na taƙaita sunan wannan da VT. Wani lokaci kuma bugun ya watse gaba ɗaya, zuciya ta koma makyarkyata kawai, wato VF. A wannan hali jini ya tsaya cak. Cikin daƙiƙa kaɗan mutum zai faɗi, kuma daga minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa za ta fara lalacewa.

Ga yadda ake bi, tun daga ciwon farko a ƙirji har zuwa watannin da ke biyo bayan sallama daga asibiti.

Mataki na farko: kada ka kira shi olsa

Mafi yawan lokacin da ake ɓatawa, a nan ake ɓata shi. Mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, sai ya ce olsa ce ta tashi, a aika yaro kemis ya sayo maganin ruwa, a jira a ga abin da hali zai yi. Alamun da ya kamata su tayar maka da hankali su ne nauyi, matsi ko zafi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 10 zuwa 15 bai lafa ba, musamman idan yana miƙewa zuwa hannun hagu ko duka hannuwan, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya. Sau da yawa yana zuwa da zufa mai sanyi, tashin zuciya, sarƙewar numfashi da wani irin tsoro da mai ciwon ba ya iya bayyanawa. Mai ciwon suga, tsoho da mace na iya rasa ciwon ƙirjin sam. Su dai gajiya ce mai tsanani ta rufe su, ko haki, ko zafi a saman ciki.

Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ciwon suga, ko yake shan taba, idan ya ji irin wannan, a ɗauka zuciya ce har sai gwaji ya ce ba ita ba ce. Gara a je asibiti a dawo da kunyar an yi gaggawa.

Mataki na biyu: asfirin, mota, da asibitin da ya dace

A zaunar da shi a jingine, a sassauta masa tufafi, a hana shi kai-komo. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, ba ya haɗiye da ruwa ba, domin taunawa ta fi saurin kai shi jini. Idan ƙananan na miligiram 75 ne a gidan, irin su Vasoprin, guda 4 ke nan. Ba a ba wanda asfirin ke tayar wa borin jini, ko wanda ke amai ko bayan gida da jini, ko wanda likita ya hana. Haka kuma idan alamun shanyewar ɓarin jiki aka gani, kamar karkacewar baki ko mutuwar hannu, ba a ba da asfirin sai an duba a asibiti.

A kira lambar agajin gaggawa, a Nijeriya 112 ce. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a yawancin garuruwanmu motar maƙwabci ta fi motar asibiti saurin zuwa. Idan babu tabbacin za ta iso cikin 'yan mintoci, a nemi mota a tafi. Mai ciwon ba zai tuƙa ba ko da ya rantse yana iyawa, kuma ba a ɗora shi a babur, domin idan ya suma a hanya abin ya zama biyu. A tafi da mutum biyu bayan direba, masu ƙarfin da za su iya danna ƙirji.

Ina za a nufa? Wurin da ke da injin gwajin ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, da na'urar da ke dawo da bugun zuciya da lantarki. Wannan na'ura ita ce ainihin dalilin gudun da ake yi. Tsayawa a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa don a yi allura ko a ɗaura ruwa ɓata lokaci ne. Babban asibitin gwamnati ko asibitin koyarwa mafi kusa ya fi, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. Da isarku sashen gaggawa, kada ka tsaya dogon bayani. Ka ce: "Ciwon ƙirji ne, tun ƙarfe kaza ya fara, muna zargin zuciya." Ƙa'idar aiki ita ce a yi ECG cikin minti 10 da isowa, don haka ba rashin ladabi ba ne ka tambaya ko an yi.

Mataki na uku: idan ya yanke jiki ya faɗi

Wannan shi ne wurin da hannunka ya fi takardar kowane likita amfani, don haka zan daɗe a kai.

Ka dafa kafaɗarsa ka girgiza, ka kira sunansa da ƙarfi. Ka dubi ƙirjinsa, kada ka wuce daƙiƙa 10. Idan bai amsa ba kuma ba ya numfashi yadda aka saba, zuciya ta tsaya. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani irin jan numfashi jefi-jefi, baki a buɗe, da ƙara kamar minshari ko gargara. Wannan ba numfashi ba ne. Wasu ma sukan ɗan yi fizge-fizge na 'yan daƙiƙu, a zaci farfaɗiya ce ko iska. Kada ka ɓata lokaci wajen laluben bugun jijiya, ko ma'aikatan lafiya sukan kuskure shi a cikin ruɗani.

Ka nuna mutum ɗaya da yatsa, ka kira shi da suna: "Malam wane, kira agaji, nemo mota." Idan ka ce "a taimaka" kawai, kowa zai tsaya yana salati yana kallon ɗan'uwansa.

Ka sauko da shi ƙasa, a kan siminti ko tabarma. A kan katifa dannawa ba ta yin tasiri, jikin ne kawai zai riƙa nutsewa. Ka kwantar da shi rigingine, ka durƙusa a gefensa. Ka ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, a kan rabin ƙasa na ƙashin da ke tsakiya, ka ɗora ɗaya hannun a kai ka sarƙe yatsu. Ka miƙe gwiwoyin hannunka, kafaɗunka su kasance daidai saman hannuwanka, yadda nauyin jikinka ne zai yi aikin. Sai ka danna ƙasa da zurfin santimita 5 zuwa 6, ka saki ƙirjin ya dawo daidai ba tare da ka ɗage hannu ba, ka sake dannawa. Sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Ka riƙa ƙirgawa da ƙarfi don kada saurin ya ragu.

Za ka iya jin wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunka. Haƙarƙari ne ko guringuntsi, kuma hakan na faruwa ko a hannun ƙwararru. Kada ka tsaya, kada ka sassauta. Haƙarƙari yana warkewa cikin makonni. Kuskuren da aka fi yi shi ne dannawa a hankali saboda tausayi, alhali dannawar da ba ta kai zurfi ba, ba ta kai jini ƙwaƙwalwa.

Wanda ya sami horo zai iya hura numfashi 2 bayan kowace dannawa 30. Wanda bai samu ba, ya ci gaba da dannawa kawai babu tsayawa, wannan ya wadatar a mintocin farko ga babban mutum. Aikin yana da gajiyarwa ƙwarai, cikin minti 2 hannu ya fara sanyi ko mai yi bai ankara ba. Don haka a riƙa karɓa-karɓa duk minti 2, kuma wajen sauya hannu kada a bar ƙirjin ya huta fiye da 'yan daƙiƙu.

Abubuwan da muka saba yi wa wanda ya suma, a nan duk cutarwa ce: yayyafa ruwa, ɗura ruwa ko madara a baki, cusa cokali tsakanin haƙora, shaƙa masa albasa, ɗaga shi zaune ana jijjigawa. Mai addu'a ya yi addu'arsa, babu mai hana shi, amma ya yi ta a gefe hannun wani na kan ƙirji. Akwai kuma saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa wanda zuciyarsa ta buga ya riƙa tari da ƙarfi zai ceci kansa. Kada ka dogara da shi, kuma kada ka tura wa kowa. Wanda ke iya tari zuciyarsa ba ta tsaya ba, abin da yake buƙata mota ce zuwa asibiti.

Idan mace ce ta faɗi fa? Na san maza da yawa za su ja da baya, su tsaya neman mace ko muharraminta. Idan akwai macen da ta iya a wurin, madalla. Idan babu, wanda ke kusa ya fara, a kan rigarta ma ana dannawa. Wannan lalura ce ta rai, kuma minti uku da za a ɓata ana neman wanda ya dace na iya zama bambancin rayuwarta da mutuwarta. Shi ya sa nake ganin matan gida su ne suka fi cancantar a koya musu wannan aiki, domin mafi yawan tsayawar zuciya a gida take faruwa.

Sai batun hanya. Dannawa ita kaɗai ba kasafai take dawo da bugun ba, tana dai riƙe ƙwaƙwalwa da rai har a kai ga na'ura. Idan na'urar ba za ta zo ba, dole a kai shi inda take. A Keke Napep ko kujerar bayan ƙaramar mota ba a iya dannawa yadda ya kamata. A nemi motar da za a shimfiɗa shi a kan abu mai tauri, kamar bas ko a-kori-kura, a ci gaba da dannawa har ƙofar asibiti.

Mataki na huɗu: na'urar lantarki

Maganin VF ɗaya ne, a ratsa zuciya da lantarki mai ƙarfi sau ɗaya, duk saƙonnin barkatai su ɗauke, gurbin asali ya karɓi ragamar. Duk mintin da ya wuce ba a yi haka ba kuma ba a danna ƙirji, damar tsira na raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Wani likita a birnin Belfast na Ailan ta Arewa, Frank Pantridge, shi ne ya fara sa irin wannan na'ura a motar asibiti a 1965, bayan ya lura cewa masu ciwon suna mutuwa ne kafin su iso. Tasa ta kai kilo 70, da batirin mota take aiki. Ta yau, wadda ake kira AED, ba ta fi ƙaramar jaka ba, kuma an yi ta ne don wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba.

Ka kunna ta, za ta yi magana ta gaya maka abin yi. A buɗe ƙirji, a goge zufa ko ruwa. Faifai biyu ne masu manne, da hoton inda ake liƙa kowanne: ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hamata. Mai dannawa ya ci gaba har sai na'urar ta ce a dakata. Idan ta ce a saki wuta, ka tabbata babu mai taɓa shi, ka danna maɓallin, sannan nan take a koma dannawa na minti 2 ba tare da jiran ganin ko ya farfaɗo ba. Ba ta sakin wuta ga zuciyar da ba ta buƙata, don haka babu fargabar za ka cutar da shi.

Masu kallon ƙwallo sun ga wannan da idonsu a ranar 12 ga Yunin 2021, lokacin da Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili a wasansu da Finland. An danna ƙirjinsa, an sa masa na'ura cikin 'yan mintoci, kuma a 2022 ya dawo buga wasa. Ba na ganin dalilin da zai hana babban masallacin Juma'a, kasuwa, tashar mota ko ma'aikata su haɗa kuɗi su ajiye guda, su koya wa mutum biyar amfani da ita.

Mataki na biyar: kwana biyun farko a asibiti

Aikin likitoci na farko shi ne buɗe jijiyar da ta toshe, ko da allurar narkar da gudan jini, ko da zura siririn bututu a buɗe wurin a sa ɗan ƙarfen da zai riƙe shi. Allurar ta fi amfani a sa'o'i biyu zuwa uku na farko, kuma bayan sa'a 12 amfaninta ya yi ƙasa sosai. Idan za a tura ku wani asibiti mai nisa, ku tambaya ko za a iya yin allurar kafin a tashi.

Sa'o'i 48 na farko su ne bugun ya fi rikicewa. Ku tabbata an jona shi da allon da ke nuna bugun zuciya dare da rana, a ɗakin da na'urar lantarki take kusa. Ku tambaya ko an auna sinadaran fotasiyam da maganiziyam a jini, domin ƙarancinsu na buɗe ƙofar rikicewar, kuma gyaransu ba shi da wuya. Masu dubiya kuma a taƙaita su. Na san nauyin zumunci, amma mutum goma sha a kan gadon wanda zuciyarsa ta buga jiya ba alheri ba ne gare shi.

Ba kowace rikicewa ce ta gudu ba. Idan toshewar ta shafi ƙasan zuciya, bugun na iya yin sanyi ƙwarai, ya sauka zuwa 40 ko ƙasa. Sau da yawa wannan yana warwarewa cikin kwanaki, wani lokaci da taimakon na'urar wucin gadi. Akwai kuma wadda ke tasowa daga ɗakunan sama, bugun ya zama babu tsari, mai suna AF. Ita ba ta kashewa nan take, amma tana iya tara gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake duba yiwuwar ba da maganin tsinka jini.

Ga abin da ya kamata iyali su riƙe. VF ɗin da ya zo cikin sa'o'i 48 na farko, yawanci zafin toshewar ne ya jawo shi, kuma idan an buɗe jijiyar mutum ya tsallake har aka sallame shi, ba lallai ya sake dawowa ba. Wanda ya zo bayan sa'o'i 48 kuwa magana ce daban. Yana nuna tabon da ya zauna a zuciya ne ke haddasa shi, kuma tabo ba ya gushewa.

Mataki na shida: lambar da za ka tambaya kafin sallama

Kada ku bar asibiti ba a yi hoton zuciya na eko ba. A cikin sakamakon akwai lamba guda mai suna EF, wato kason jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya tana tura kashi 50 zuwa 70 cikin 100. Idan lambar ta sauka zuwa 35 ko ƙasa, haɗarin mummunar rikicewa ya ƙaru sosai. Ka rubuta lambar da ranar da aka auna a jikin katin asibiti. Ka kuma karɓi kwafin ECG ka ɗauki hotonsa a waya, domin duk likitan da zai gan shi nan gaba zai so ya kwatanta.

Mataki na bakwai: watan farko a gida

Wani babban bincike mai suna VALIANT, da ya bi mutane sama da 14,000 waɗanda zuciyarsu ta yi rauni bayan toshewa, ya nuna a 2005 cewa mutuwar farat ɗaya ko tsayawar zuciya ta fi yawa a kwana 30 na farko, kusan kashi 1.4 cikin 100, sannan ta ragu zuwa kusan kashi 0.14 cikin 100 a kowane wata bayan shekara 2. Ma'ana, lokacin da 'yan'uwa ke cewa "Alhamdu lillahi, an wuce wurin", shi ne lokacin da ya fi buƙatar sa ido. A wannan watan kada a bar shi shi kaɗai na tsawon lokaci, kuma duk babban da ke gidan ya gwada danna ƙirji a kan matashin kai mai tauri har hannunsa ya saba.

Magunguna su ne katangar farko. Yawanci za a ba shi asfirin tare da clopidogrel ko ticagrelor, masu hana gudan jini, haɗin biyun galibi na tsawon shekara. Maganin rage kitsen jini irin atorvastatin. Mai sassauta wa zuciya aiki irin lisinopril ko ramipril. Da mai rage saurin bugu irin bisoprolol, carvedilol ko metoprolol. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne ya fi kare mai raunin zuciya daga mummunar rikicewa, kuma shi ne mafi haɗarin dainawa kwatsam. A sayo sabo tun saura na mako guda. Idan kuɗi ne suka yi wuya, a gaya wa likita ƙarara ya nemi mai sauƙi, kada a riƙa tsallake kwana.

Kullum da safe ya auna bugunsa. Ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ya ƙirga na minti ɗaya cur, ya rubuta. Mai shan maganin rage bugu, 55 zuwa 70 ba abin damuwa ba ne. Ƙasa da 50 tare da jiri ko kasala, ko sama da 120 yana zaune, a nemi likita a ranar. Suma kuwa, ko ta daƙiƙa biyar ce ya tashi garau, asibiti za a nufa nan take. Haka faɗuwar gaba mai ƙarfi tare da duhun gani, ko dawowar ciwon ƙirji. Suma bayan ciwon zuciya ba a danganta ta da yunwa ko zafin rana sai likita ya duba.

Kada ya sha komai daga kemis ba da sanin likitansa ba. Magungunan ciwon jiki irin diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna ƙara haɗari ga mai wannan ciwo, farasitamol ya fi aminci. Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro kamar kwinin da halofantrine, da wasu na kashe ƙwayoyin cuta kamar erythromycin, azithromycin da ciprofloxacin, suna iya taɓa lantarkin zuciya. Maganin ƙarfin maza, ko na bature ko na gargajiya da ba a san haɗinsa ba, idan ya gamu da maganin ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe, yana iya faɗar da jini ƙasa warwas. Taba da shisha a bar su gaba ɗaya, lemon ƙarin kuzari ma haka, a rage gishiri, dunƙulen miya da kanwa.

Gudawa, amai da yawan zufa a lokacin bazara suna zubar da fotasiyam, balle ga mai shan maganin sa fitsari. Idan gudawa ta wuce yini, a je a auna jini. Batun azumi kuwa, masana na shawartar wanda ciwon ya same shi cikin makonni 6 da suka wuce da ya jinkirta, sannan ko bayan haka a zauna da likita a tsara lokutan shan magani. Tuƙi, komawa aiki, tafiyar Umara ko Hajji da kusantar iyali duk a tambaya, babu abin kunya a ciki. Tafiyar ƙafa a hankali, ana ƙara 'yan mintoci kowane mako, tana cikin magani.

Wani zai ce, me zai hana a ba kowa maganin da ke daidaita bugu a huta? An gwada. A binciken CAST da aka fitar a 1989, an ba masu tsallen bugu bayan ciwon zuciya flecainide ko encainide. Tsallen ya ragu a takardar ECG, amma mutuwa ta ninka fiye da sau biyu idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba, har aka dakatar da gwajin. Don haka idan likitan zuciya ya ga ɗan tsalle jefi-jefi ya ce a bar shi, ba sakaci ya yi ba.

Mataki na takwas: komawa bayan kwana 40

Zuciyar da ta sha wahala takan farfaɗo a hankali, EF ɗin da ya nuna 30 a asibiti zai iya hawa 45 bayan makonni. Shi ya sa ake maimaita eko bayan aƙalla kwana 40, ko wata 3 idan an buɗe jijiyar. Wannan ganin likita shi ne aka fi tsallakewa, domin a lokacin mutum ya ji sauƙi ya koma kasuwa. Kada a tsallake shi.

Idan lambar ta tsaya a 35 ko ƙasa duk da shan magani yadda ya kamata, likita zai kawo maganar dasa na'urar ICD. 'Yar ƙarama ce da ake sawa a ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, tana sauraron bugu dare da rana, ta saki wuta da kanta idan VT ko VF ya taso. An fara dasa ta a jikin mutum a 1980 a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka. Binciken MADIT II na 2002 ya nuna cewa a cikin masu EF 30 ko ƙasa, mutuwa ta sauka daga kusan kashi 20 zuwa kusan 14 cikin 100 a tsawon wata 20. Wani binciken kuma, DINAMIT na 2004, ya nuna dasa ta tun kafin kwana 40 bai rage yawan mutuwa ba, dalilin jiran ke nan. Amma wanda VT ko VF ya kama bayan sa'o'i 48 na farko, ba tare da wani dalilin da za a iya gyarawa ba, shi ba a sa shi wannan jira.

Na'urar tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke dasa ta ba. Idan ta fi ƙarfin iyali, a faɗa wa likita ya ƙarfafa ɓangaren magani, ya duba ƙara spironolactone ko amiodarone idan sun dace, a kuma ƙara himma wajen koya wa mutanen gida danna ƙirji.

Wanda aka dasa wa, ya riƙa yawo da katinta, kada ya sa waya a aljihun da ke kanta, ya nisanci injin walda, ya kuma riƙa zuwa ana duba batirin. Idan ta saki wuta sau ɗaya ya ji daidai bayan haka, ya zauna ya kira asibitinsa a ranar. Idan ta saki sau biyu ko fiye cikin sa'a 24, ko sau ɗaya amma jiri ko ciwon ƙirji bai tafi ba, a tafi sashen gaggawa. Wanda ke riƙe da shi lokacin da ta saki wutar ba zai cutu ba. Idan kuma ya faɗi bai farfaɗo ba, a fara danna ƙirji kamar yadda za a yi wa kowa, in akwai AED a liƙa faifan ɗan nesa da inda na'urar take.